Ranar da Baba Birki Ya Hau Gada

Kawuna malamin tuƙi ne. Ɗalibansa na kiransa Baba Birki, don ko titi fayau yake sai ya ce ka taka. Da can babbar mota yake ja, har ranar da taya ta fashe masa a kan gada, kan motar ya yi ta reto a saman ruwa kafin a zaro shi. Tun daga nan bai ƙara hawa gada ba. Ya sayi 'yar ƙaramar mota yana koyarwa a layukan bayan kasuwa.

Cikin ɗalibansa akwai wata ungozomar asibiti, Sista, mace mai manyan 'ya'ya, wadda ko hon ɗin babur ta ji sai ta saki sitiyari.

Wata rana suna cikin darasi suka tarar an rufe hanya ana gyara. Aka karkatar da motoci, layi ya yi ta tura su, ba wurin juyawa. Sai ga gada a gabansu.

Kawu ya damƙe kujera. Gumi ya jiƙa masa riga, numfashinsa ya sarƙe. Tankar mai na bayansu tana danna hon, Sista ta ƙanƙame sitiyari.

"Baba, ban taɓa wuce giya ta biyu ba fa."

Ta saci kallonsa, ta ga idanunsa sun kafe a kan ruwan.

"Baba, ja numfashi ta hanci," ta ce, da muryar da take yi wa masu naƙuda. "Riƙe. Saki a hankali. Yauwa. Yanzu gaya mini abu ɗaya, me zan yi?"

"Kar... kar ki kalli gefe. Bi bayan motar gabanki."

"To. Sake jan numfashi."

"Sassauta hannunki, Sista. Kina shaƙe sitiyarin."

Haka suka haye. Suna sauka ta gangara gefen titi ta kashe mota, ta kifa kai a kan sitiyari. Cikinsu ba wanda ya yarda ya sake tuƙa motar ta kan gadar. Yayana aka kira ya zo ya dawo da su.

Kawu ya kwana biyu bai fita aiki ba. Da ya koma, ya canja darasin farko: kafin a taɓa makulli, shi da sabon ɗalibi sai sun zauna sun koyi jan numfashi. Samari kan yi masa dariya. Yakan jira su gama, sannan ya ce a fara.