Kodin Alhaji Nomau da Makullan Baba Illo

Ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin nan ba, da Alhaji Nomau ya kira ni buronsa, wato ofis, ya tura ƙofa da ƙafa. A wata takwas da na yi ina masa aiki ban taɓa ganin ƙofar nan a rufe ba. Tun bai buɗe baki ba na fara binciken kaina, ko akwai abin da na ɓata.

Ku da kuke staj, kuna koyon aiki yanzu, ba ku san gidan ba, to bari in ɗan kwatanta muku. Alhaji yana sayar da abincin dabbobi a nan Tawa: dusar alkama, ƙulin auduga da gishiri. Yana da kamiyo uku, manyan motocin kaya, masu bin kasuwannin Kalfu, Tebaram da Bambeye. Ma'aikatan buro mu tara ne, odinata, wato kwamfuta, biyar. Ni an ɗauke ni ne da lisans ɗina, digirin farko na kimiyyar na'ura, don in kula da odinatocin da rezo, wato hanyar da ke haɗa su. Alhaji yana ce mini Injiniya, ko da yake na sha gaya masa ban kai wannan matsayin ba. Bayan Alhaji, mai faɗa a ji shi ne Sahabi, ɗan ƙanensa, wanda ke kula da motoci. Sai Baba Illo, mai riƙe da makullan magaza, ɗakin ajiyar kaya, tun ina firamare. A odinatar magaza ake rubuta jadawalin lodi: wace mota, wace kasuwa, wace rana, buhu nawa.

Lokacin tsakiyar bazara ne, ciyawa ta ƙare a daji, kuma duk wanda ya riga kai dusa kasuwa shi makiyaya ke saye a hannunsa. Sau uku a jere motar wani ɗan kasuwa ta riga tamu da kwana guda, da irin kayan da muka shirya kaiwa. Sahabi ya ce wannan ba sa'a ba ce, daga gida maganar ke fita. Ya kuma tuna wa Alhaji cewa surukin Baba Illo direba ne a wurin wancan mutumin.

"Injiniya," in ji Alhaji, "an ce mani akwai abin da ake sa ma rezo shi kama mai hidda magana waje."

Na ce akwai katangar tsaro, wadda a makaranta ake ce wa pare-feu. Aikinta ta tsaya tsakanin na'urori, ta bar wannan ya wuce, ta hana wancan, ta kuma rubuta abin da ya gitta ta gabanta. Na ƙara da cewa ban yi alkawarin za ta kama kowa ba. Alhaji ya ce ya ba ni mako biyu. In abin ya nuna Illo ne, zai karɓi makullansa ran Juma'a ta biyu, ba tare da hayaniya ba. Kafin nan kada kowa ya ji.

Amma kowa ya ji. Washegari da na shiga magaza gaisuwa, Baba Illo ya amsa mini kansa na kan buhuna. Masu lodi suka daina wasan da suka saba yi mini. Ni kaina na fara kallon mutane da wani ido: in sakatare ta juya fuskar odinatarta sai in ce me take ɓoyewa, in Sahabi ya fita waje amsa waya sai in tsaya bakin taga.

Sahabi yana son a sayo wani akwati rufaffe daga Yamai, wanda ake sabunta lasisinsa duk shekara, kuma in ya lalace sai mai sayarwa ya turo mutum. Ni na ba da shawarar manhaja mai buɗaɗɗen tushe, wato wadda masu rubuta ta suka bar rubutunta a fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya yi aiki da ita kyauta. Kalmar kyauta ce ta ɗaga wa Alhaji hankali.

"Wa ke ba da kwaɗo kyauta bai riƙe makulli guda ba?"

Na ce masa ya ɗauka maƙeri ne ya ƙera kwaɗon a tsakiyar kasuwa, sauran maƙera suna kallo, kowa na iya buɗe cikinsa ya duba. Ban ce ba a taɓa samun aibi a irin wannan ba, ana samu, amma ido da yawa ne a kansa. Shi kuwa rufaffen akwati, sai dai mu yarda da maganar mai shi. Alhaji ya ce in gwada, tunda gwaji ba ya cin kuɗi. Daga ranar Sahabi ya daina ce mini Injiniya, ya koma ce mini "mai kayan sadaka".

Manhajoji uku na ware, ba zan kama sunayensu ba don kada ku ɗauka talla nake yi. Ta farko ƙarama ce, a cikin ɗan akwatin wifi ake saka ta. Ba ta cin kuran, wato lantarki, amma wurin ajiyarta kaɗan ne, in wuta ta ɗauke rubutun da ta yi sai ya tafi. Ta biyu tana da sauƙin sarrafawa, sai dai da na duba na ga an daɗe ba a sabunta ta ba, abin bai kwanta mini ba. Ta uku tana son odinata guda ta kanta, kuma saitinta ya fi yawa, amma ana sabunta ta a kai a kai, tana da faransanci, tana kuma iya raba rezo gida-gida. Akwai wata tsohuwar odinata a ƙarƙashin teburin sakatare. Na kakkaɓe ta, na ƙara mata katin rezo biyu, na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Kowace sai da na zare mata wuta sau biyar in ga ko za ta tashi da kanta, don kun san halin kuran a watan zafi.

Ta ukun na bari don gwajin mako guda. Na sa odinatocin buro a ƙofa ɗaya, wifi a wata ƙofar, intanet a ta uku. Ban hana komai wucewa ba, na ce mata ta kalla kawai ta rubuta.

Kwana biyu da farawa na ƙirga wayoyin da suka hau wifi ɗinmu, na samu sun haura arba'in. Sai da na ƙirga sau uku. Daga baya na ga bai kamata in yi mamaki ba. Duk wanda ya shigo wurin Alhaji, makiyayi ne ko direba ko maƙwabci, bayan gaisuwa sai a kawo masa ruwan sanyi, sannan Alhaji ya karɓi wayarsa ya sa masa kodin wifi da hannunsa. Kodin bai taɓa canjawa ba. Mai shayin tsallaken titi yana da shi, abokan cinikinsa ma suna da shi.

Abu na biyu da na gani ya fi na farko muni. Lambar odinatar magaza ta cika rubutun, layi bayan layi. Ba ita ke fita neman kowa ba. Wayoyi ne daga wifi suke zuwa wurinta, suna taɓa jakar da jadawalin lodi yake ciki. Wataƙila wasu wayoyin da kansu suke lalube, don akwai manhajojin da ke yin haka mai waya bai sani ba. Wataƙila kuma wani yana karantawa. Rubutun bai bambance ba.

Na san yadda aka yi jakar ta zama a buɗe, domin ni na buɗe ta. A watana na biyu Alhaji ya ce yana son ganin jadawali daga buronsa ba sai ya taka magaza ba. Na sa kalmar sirri, Baba Illo ya manta ta sau biyu, Alhaji ya yi faɗa, sai na cire ta da niyyar in gyara bayan Sallah. Sallah ta wuce, na manta.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin in rufe jakar shiru, in ce wa Alhaji katanga ba ta ga komai ba. Amma "ba ta ga komai ba" ba za ta wanke Baba Illo ba, zargin zai zauna inda yake. Kwana huɗu ina juya maganar. Ban kai ga yanke shawara ba Sahabi ya yanke mini. Na buga rubutun a takarda don in yi nazari, na bar shi kan teburi na tafi sallar azahar. Da na dawo babu takardun.

Ran Alhamis da hantsi aka kira ni. Na tarar da Alhaji, da Sahabi riƙe da takarduna ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin lambar magaza, da Baba Illo a tsaye. Makullansa suna kan teburin Alhaji. Shi ya ajiye su da kansa, ba a kai ga tambayarsa ba.

Sahabi ya ce ga shi nan, kayan sadakar ma sun faɗi gaskiya, lambar magaza ta fi ta kowa fitowa. Alhaji ya dube ni.

"Wagga lamba ta odinatar Illo ce ko ba tashi ba ce?"

Na ce tasa ce. Na ce amma akwai bayani. Sahabi ya ce kullum ni da amma. Na roƙi Alhaji ya ara mini wayarsa, kuma ya daure ya taka da ni zuwa wurin mai shayi.

Muka tsallaka titi mu huɗu cikin rana, mutanen rumfa suna ta miƙewa suna ba Alhaji benci. Na buɗe manhajar duba fayiloli a wayarsa, na taɓa wuri uku, na miƙa masa. Jadawalin mako mai zuwa ne a gabansa: mota ta biyu, Tebaram, da adadin buhunan. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga kai ya bi mutanen rumfar da ido ɗaya bayan ɗaya, kusan kowa da waya a hannu.

Na ce masa duk mai kodi zai iya yin abin da na yi. Baba Illo bai aika wa kowa komai ba, aƙalla dai ba ta odinatar nan ba. Ƙofa aka bari a buɗe, kuma ni na bar ta. Na faɗi watan da dalilin.

Muka koma buro, Alhaji ya juyo gare ni. Ya tambaye ni wa ya karanta. Na ce ban sani ba, lambobin waya gare ni, ba sunaye ba, kuma ba zan ɗora wa kowa abin da ban tabbatar ba. Sahabi ya ce to a canja kodi a hana kowa, magana ta ƙare. Ni ma abin da aka koya mini ke nan, har na gyaɗa kai.

"Mutum shi taho tun daga Tebaram," in ji Alhaji, "in ba shi ruwa, in hana shi kodi? Mi za a ce da ni?"

Sai a lokacin na san wadda zan zaɓa, bayan kwana goma ina cika takarda da kwatance. Na ce masa ta ukun za ta iya yi masa zaure. Baƙo ya shigo ya zauna, ya sha ruwa, ya kira iyalinsa, amma ba ya ganin cikin gida. Kodin baƙi ya zauna yadda yake, ya ci gaba da ba wanda ya so. Odinatocin buro kuwa su koma bayan katanga.

Ya ce a yi haka. Sannan ya tura makullan gaban Baba Illo, ya ce, "Illo, ɗauki kayanka. A yi haƙuri." Baba Illo bai ɗauka nan take ba. Sai da Alhaji ya miƙe ya sa masa su a hannu. Ni kuma aka ce in rubuta duk abin da na taɓa buɗewa tun zuwana, in kawo kafin la'asar. Shafi biyu ya ci, kuma na sami wasu ƙofofi biyu da ban tuna da su ba.

Kwana uku na yi ina saiti. Na rufe komai tsakanin zaure da cikin gida, na mayar wa jakar kalmar sirri, na zauna da Baba Illo har ya zaɓi wadda ba zai manta ba. Na ajiye kwafin saitin a wuri biyu, na kuma rubuta bayaninsa da faransanci mai sauƙi saboda wanda zai gaje ni.

Kada ku ɗauka komai ya warware. Kafin damina motar mutumin nan ta sake riga mu Kalfu sau ɗaya. Wataƙila a tasha direbobi ke hira, wataƙila shi ma ya san kasuwa kamar yadda Alhaji ya sani. Har yau ban san ko wani ya taɓa karanta jadawalin nan daga rumfar mai shayi ba. Sahabi bai ba Baba Illo haƙuri ba, kuma sai da aka yi watanni kafin masu lodi su koma yi mini wasa.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi ne, kafin ku zaɓi katanga ku zauna ku ga yadda gidan ke karɓar baƙi, don mai gida ba zai canja halinsa saboda na'urarku ba. Kuma in mutane sun riga sun zargi wani, duk takardar da kuka buga za su karanta sunansa a ciki, ko babu shi. Kada ku bar ta kan teburi. In za ku nemi inda aka bar ƙofa, ku fara da waɗanda kuka taɓa da hannunku.

Baba Illo bai taɓa ta da maganar ba, bai kuma yi mini godiya ba, ban ga dalilin da zai yi ba. Amma har na bar gidan, duk yamma in ya kulle magaza sai ya biyo ta bakin tagata, ya kaɗa makullansa.

"Injiniya, na ruhe tawa. Kai hwa?"

Ban taɓa amsa masa ba sai na sake dubawa.