Gadon Samah Mai Ƙafar Zaki

A layinmu na kafintoci a garin Dumyat babu wanda ya kai Usta Shahata iya sassaƙa, babu kuma wanda ya kai shi korar masu saye. Ka zo masa da zanen kabad, sai ya tambaye ka ko ka auna ƙofar ɗakinka, ko kuwa a titi za ka riƙa sa kaya. Matar mahauci ta taɓa neman kujeru farare, ya tuna mata sana'ar mijinta, ta fita tana zage-zage. Ni maƙwabcinsa na ci arzikin bakin nan, don duk wanda ya kora shagona yake faɗawa, ni kuwa ko gado mai ƙafa uku ka ce, "to" kawai zan ce maka.

Da aka sa ranar auren 'yarsa Samah, uwar ango, Hajja Fawziyya, ta ce shi zai yi kayan ɗaki. Matarsa ta sa shi ya rantse ba zai tofa komai ba, don Hajja ta taɓa fasa auren ɗan nan a kan maganar labule.

Hajja ta zo da zanenta: gado mai ƙafafun zaki, faratan sun miƙo waje kamu guda, daidai inda mutum ke sauke ƙafa da safe. Usta ya duba, ya cika bakinsa da shayi mai zafi, ya gyaɗa kai. Ta ƙara madubi a saman kai, ya sake kurɓa. Wallahi tausayinsa na ji, gumi har gemu.

Sai Hajja ta naɗe takardarta ta miƙe.

"Ya Usta, matar mahauci ma ka yi mata faɗa. Ni ce ban kai ba? Ba zan haɗa zuri'a da mutanen da ke ganin rami su yi shiru ba."

Nan rantsuwa ta karye. Ya ce faratan za su cinye yatsun duk mai tashi sallar asuba, madubin zai faɗo wa wani a ka, wanda ya yi zanen kuma a kai shi a duba masa ido. Ita ce ta zana. Ta zauna ta saurara har ƙarshe, fuska a sake, ta ce yanzu ta san ɗanta gidan mutunci zai shiga.

"To, a yi shi yadda na zana."

Haka aka yi, aka sha biki. Madubin dai Usta ya ɗaure shi da ƙusoshin da za su riƙe jirgin ruwa. Faratan ne suka hana shi sakat, tun ranar da ya ga Samah tana ɗingishi tana cewa ba komai, Baba. Yanzu duk Juma'a yana zuwa cin abinci gidanta da magagari a aljihu. Kafin a sauke shinkafa ya rage wa zakin farce kaɗan, yadda Hajja ba za ta lura ba.