Sha'aban Mai Rage Hanya

A ƙauyenmu, nan tsakanin Tofa da Rimin Gado, in ka ga babur ya wuce da mutum ɗaya tal a kai, to ko dai baƙo ne, ko an yi rasuwa ana gaggawar kai labari. Gona na jingine da gona, gida na hango gida, duk wanda ka tarar yana tafe a ƙasa in ba ɗan'uwanka ba ne surukinka ne. Ka wuce shi alhali bayanka ba kowa? Kafin ka isa gida labari ya riga ka. Kowa na kiyaye wannan, amma Sha'aban shi abin ciwo ya zame masa.

Sha'aban taubashina ne, ɗan Gwaggo Zulaihatu ƙanwar mahaifina, saboda haka bawana ne ko ya so ko ya ƙi. Manomi ne, da damina dawa da gyaɗa, da rani albasa a fadama. Tun yana da wani tsohon keke mai kukan kurege yake ɗaukar mutane. Na taɓa ganin sa da tsoho a baya, tsohon kuma rungume da rago. Wata rana gishiri aka aike shi saye, sai ga shi a Shanono, wai wata mata ya gani da goyo rana na dukan ta.

Nakan ce masa, "Bawa, kai da jaki aka halicce ka da kowa ya huta."

Shi kuwa sai ya washe haƙora ya ce, "Kamaru, bayan da ba kowa ai asara ce."

Ƙanensa Mudassir shi ne bai zauna ba. Noma bai taɓa shiga ransa ba, ya bi wasu samari haƙar zinare can arewacin Gana, ya yi shekaru sai dai murya a waya. Ran nan aka kira, ba muryarsa ba ce, ta wani abokin aikinsa ce. Ya ce ƙurar rami ta cinye ƙirjin Mudassir, tari yake har da jini, ya rame sai ƙashi. Inda suke cikin daji ne, mota ba ta shiga, kuma a cikinsu ba wanda zai bar raminsa ya rako shi. In da mai zuwa, ya hanzarta.

Daga ranar Gwaggo ta daina cin abin kirki. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Cewa kawai ta yi, "A kawo min shi, ko yaya yake."

Sha'aban ya sayar da albasarsa da sansa guda, ya shiga birni ya dawo da sabon babur ja. Ya yi masa abin da duk muke yi wa sabon babur: ya kwance madubai ya jefa a rumbu, ya bar ledar tanki, lamba kuwa ko tunaninta bai yi ba. Wa zai tambaye ka lamba tsakanin gona da kasuwa? Ya ɗaura jarkokin mai biyu a gefe. Gwaggo kuma ta yage tsohon zaninta mai ruwan ganye, ta ɗinka matashi ta cusa masa auduga, ta sa aka ɗaure a mazaunin baya, don kada ƙashin ɗanta ya sha wuya.

Ni fa raina bai so ba, kuma na faɗa. Na ce, "Haba bawa! Ka hau mota kamar mai hankali, in ka je can ka nemi babur ɗin haya mana."

Ya ce, "In ɗora Mudassir a bayan wanda ban sani ba? Kakanmu ma da jaki ya je Gwanja, can ƙasar Gana, ya dawo da goro."

Na ce, "Kakanmu da ayari ya tafi. Kai da wa?"

Ya ci gaba da ɗaure jarkokinsa. Ranar tafiyar na ɗaga ƙafa zan haye ya rage min hanya zuwa bakin titi, sai Gwaggo ta daka min tsawa daga ƙofar zaure: "Kamaruddeen, sauka! Wannan ba wurinka ba ne." Na sauke ƙafata na ja gefe. Haka muka tsaya muna kallon Sha'aban yana ratsa gonaki shi kaɗai, bayansa fayau, abin da ido bai saba gani ba.

Kullum da la'asar yakan kira ni. Ya bi ta ƙasar Kabi har iyakar Benin, daga nan zai shiga Togo, sannan Gana. A iyakar farko aka tsare shi yini guda ana tambayar lamba da takardun babur, shi kuwa rasit ɗin shago kawai ke aljihunsa. Da ƙyar da roƙo suka sake shi. Amma ba wannan ne ya tsaya min a rai ba. Ya ce wani dattijo Bahaushe mai shayi a bakin iyakar ya daɗe yana zagaya babur ɗin, sannan ya ce, "Malam, wa ya shirya maka wannan? Ba lamba, ba madubi, ga jarkoki. Ka san su wa ke hawa irin wannan a dajin da za ka ratsa?" Da Sha'aban ya ce bai sani ba, sai dattijon ya rage murya ya ce, "To ji nan. Daga nan har ka shiga Togo, ko mahaifiyarka ka gani a bakin hanya, kada ka tsaya."

Yana ba ni labarin yana dariya, amma dariyar ba irin tasa ba ce. Na ce, "Bawa, ka ji maganar dattijo." Ya ce ya ji.

Kashegari muryarsa ƙasa-ƙasa take. Ya ce, "Kamaru, ƙasar nan ba mutane. Tun hantsi ban ga mai noma ba. Na wuce wani ƙauye, rumbuna a cike, ƙofofi a buɗe, ko kaza babu." Na ce ya juyo, ya ce ya yi nisa.

Daga wannan kiran shiru. Wayarsa a kashe, yau a kashe, gobe a kashe. Gwaggo ta dawo da tabarmarta ƙofar zaure, duk ƙarar babur sai ta ɗaga kai. Abokin aikin Mudassir ya yi ta kira yana tambaya ina mai zuwan, wai kullum Mudassir sai ya sa an ɗauko shi an ajiye a bakin turba, don ya fara jin ƙarar babur ɗin yayansa. Ni kuwa ƙarya nake ta yi wa kowa, ina cewa matsalar waya ce.

Abin da ya faru sai daga baya na ji daga bakinsa, shi ma gutsure-gutsure.

Da tsakar rana, a wannan daji da ba kowa, ya hango mutum a gefen hanya yana ɗingishi, da doguwar riga, rungume da wani abu naɗe a tabarma. Mutumin bai ko ɗaga hannu ba. Sha'aban ya tuna maganar mai shayi, ya sunkuyar da kai ya murɗa mai ya wuce. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa yin haka ba. Ya ce ya yi tafiya mai ɗan nisa, amma ji yake kamar duk mutanen ƙauyenmu na tsaye a bakin gonakinsu suna kallon bayansa. Rana na ƙuna, mutum na ɗingishi, ga wuri a baya. Kunya ta hana shi sakat. A dajin da ba mai ganin sa, kunyar mutanen gida ce ta sa ya taka birki ya juya.

Ya yi sallama ya ce, "Bawan Allah, hau in rage maka hanya."

Mutumin ya dube shi ya dubi babur, ya amsa da Hausa mai gargada, ya haye ya zauna daram a kan matashin Gwaggo. Ba ɗingishi a hawan. Suna fara tafiya Sha'aban ya ji ƙarfe na tokarar haƙarƙarinsa ta cikin tabarma. Da da madubi, in ji shi, da ko fuskar mutumin ya riƙa gani. Can sai ya ji an ce a kunnensa, "Bi nan." Ba hanya a wurin, sai sawun tayoyi cikin ciyawa.

A ƙarƙashin wasu itatuwa suka tarar da sauran, da bindigoginsu a fili, da babura jere, duk ba lamba, duk ba madubi. Ɗaya ya shafa ledar tankin ya jijjiga jarkokin, ya yi dariya ya ce, "Kamar don mu ka shirya shi."

Sun riƙe shi makonni yana ɗebo musu ruwa da itace. Bai taɓa gaya min abin da ya gani a can ba, ni kuma ban matsa ba. Ranar da za su tashi aka yi ta gardama a kansa, sai mutumin nan da Sha'aban ya ɗauko a hanya ya ce a bar shi. Ya raka shi bakin hanya ya ce, "Ka wuce ni, ka dawo. Shi ya sa za ka tafi da ranka." Sha'aban ya roƙi matashin kawai, mutumin ya ce yana jin daɗin zama a kai.

Haka ya kama hanya a ƙasa, ba waya ba takalmin kirki. Babura sun wuce shi, motoci sun wuce shi, yana ɗaga hannu, ba wanda ya ko rage gudu. Bai ga laifinsu ba. Da bara da bayan motocin kaya ya ƙetare sauran iyakokin har ya isa wurin haƙar. Abokan aikin ƙanen nasa suka nuna masa dutsen da Mudassir ke jingina a bakin turba, sannan suka nuna masa kabarin. Ƙasar ba ta gama bushewa ba.

Bayan an gama girbi ya dawo, baƙi wuluk, ido ya faɗa. Ya durƙusa a gaban Gwaggo. Ta leƙa bayansa, ta sake leƙawa, sannan ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki. Wallahi ni da bakina ba ya shiru, ranar kuka na yi kamar yaro.

Yanzu yana da wani tsohon babur na hannu da ya saya. Ya kai wa mai walda an cire mazaunin baya, an kafa ƙarfen ɗaukar buhu. Kwanan baya ina dawowa daga kasuwar Tofa a ƙasa, da kaya a ka, na ji shi tafe. Ya rage gudu, ya dube ni, ya ce, "Sannu Kamaru," ya wuce. Na buɗe baki zan ce bawa ya yi girman kai, sai na fasa.

Da yammacin ranar na same shi a gindin tsamiya, ana sauraron rediyo. Mai labarai ya ce wasu mutane a kan babura sun afka wa wani ƙauye can ƙetaren iyaka, an rasa rayuka. Kowa ya yi salati, aka koma zancen taki. Sha'aban bai motsa ba. Can ya matso kusa da ni, ya kama hannun rigata, ya ce a hankali, "Kamaru, ban ji sosai ba. Sun faɗi launin baburan?"