Babur ɗin da Baba Isufu bai ji ba

Saura ƙiris in buge Baba Isufu jiya da la'asar, a titin Zongo nan Parakou.

Sati biyu ke nan da na ajiye babur ɗina mai shan isansi, wato fetur, na koma na lantarki. Ba hayaƙi, ba ƙara, sai taƙama nake yi.

Baba Isufu makaho ne, kuma shi kaɗai yake tsallaka titin nan zuwa masallaci. Jiya ya tsaya, ya kasa kunne, sai ya sako ƙafa a gabana. Na taka birki har sandarsa ta taɓa taya.

Na sauko na nufe shi. "Baba, ka gafarce ni, ni ne Saminu."

Ya miƙo hannu ya shafa babur ɗin. "Kashe shi ka yi?"

"A kunne yake, Baba. Da batir yake tafiya, ba ya kuka."

Ya daɗe yana shafawa. "Ikon Allah. Tun kafin a haife ka kunnena ne idona a titin nan. To yanzu da me zan gan ku?"

Na riƙe hannunsa muka tsallaka.

Jama'a, da ku ne, me za ku ce masa?