Kaset Ɗin da Aka Tsinta a Jakar Koci Wendell

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, Loretta ta kira ni da hantsi ta ce mijinta, Koci Wendell Pettiford, ya rasu. Na ajiye wayar.

Koci, kai ka tsince ni lokacin da jijiyar gwiwata ta tsinke, ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka da nake buga wa ta karɓe kwalkwalina ta sallame ni. Ka kai ni gidanka, Loretta ta cika min faranti da soyayyar kaza da burodin masara, kai kuwa kana ta yi min tsiya: "Ci, gurgu, gobe akwai aiki." Washegari ka sa aka ɗauke ni mataimakinka.

Idonka abin tsoro ne. Masu horarwa uku na abokan hamayya za su tsaya a ɗaya gefen fili, suna taɓa hanci da kunne da hula don sanar da 'yan wasansu dabarar da za su yi, biyu na bogi, ɗaya na gaske. Kafin hutun rabin lokaci ka gano na gasken. Doka ta yarda da ido, kyamara ce ta haramta. Ni kuwa ba ni da idonka, ga son a yabe ni. Na shiga cikin 'yan kallo da kyamara na ɗauki isharorin abokan hamayya. Da na hango jami'an hukumar wasan sun nufo ɗakinmu, na jefa kaset ɗin cikin jakarka.

Da suka ciro shi daga jakar, ka ga rubutun hannuna a jikinsa, ka dube ni sau ɗaya, ka ƙi tona min asiri. Matata na da tsohon ciki a lokacin, ka kuma sani. Aka kore ka. Jaridu suka laƙaba maka Ɓarawon Ishara, ko makarantar sakandare ba ta yarda ta ba ka 'yan wasa ba. Shekara goma sha tara ke nan. Duk Kirsimeti sai katinka ya iso gidana, wallahi ko ɗaya ban taɓa iya amsawa ba.

Jiya wata jarida ta buga labarin rasuwarka da wannan mummunan suna a kai. Shi ya sa na rubuta wannan, na kuma aika wa hukumar kwafi. Su karɓe aikina.

Allah ya jiƙan ka, Koci, ya ba ka hutun da na hana ka. Loretta, ke da 'yarku Darlene, Allah ya ba ku haƙurin rashinsa. Ban cancanci gafararku ba, ba zan ma nema ba. Darlene, ɗaga kanki ranar jana'iza. Mahaifinki bai taɓa sata ba. Ni ne ɓarawon.

Lamar Whitlock