Ƙasar Ɗakin Inna

Garinmu yana gindin duwatsu ta wajen Shira, kuma abin taƙamarmu ɗaya ne, ganuwa. Ko masu haƙar zinariya da suka yi wa gindin dutsen kaca-kaca a zamanin kakanninmu, suka bar mana ramuka suka tafi, ba su taɓa ta ba. A da kowane gida da rabonsa da zai yaɓe bayan damina. Namu rabon shi ne lungun tsohuwar ƙofa, inda ruwa ba ya duka. A nan kakana, mahaifin Innata, ya bar shatin tafin hannunsa, yatsu huɗu, don lauje ya cire masa ɗaya. Ina yaro nakan ɗora hannuna a ciki.

Tarihi nake koyarwa a wata sakandare a Azare, kuma babu wanda ban isa da labarin hannun nan ba. Wata malama abokiyar aikina, 'yar kudancin Bauchi, ta gaji ta ce in kai ta ta gani ko ta huta. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, dama ina son duba ɗakin Innata. Bangonsa ne ya tsage, tun kwanakin baya na kira ƙanena a waya na ce a nemo ƙasa mafi kyau a gyara kafin ruwa ya sauka, kada a kawo mini wani uzuri.

Wari ne ya fara tarbar mu. Gindin ganuwar ya zama makewayin gari, ga ledoji, ga mushen akuya ya kumbura, ƙudaje sun yi masa baƙi. Malamar ta toshe hanci da gyalenta, ta kau da kai don ta rufa mini asiri. Da ma zagina ta yi. Ganuwar kuwa duk an gutsure ta kamar ɓera ya samu ƙuli-ƙuli. Na yi sauri na nufi lungun ƙofar, sai na tarar da rami, da wani dattijo riƙe da diga yana cika wa jakuna biyu mangala.

Raina ya ɓaci har na manta da furfurarsa.

"Baba, ba ka jin kunya? Abin da kakanni suka gina da guminsu kake loda wa jaki?"

Ya jingina digar, ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ba ɗan gidan Hajiya ba ne, malamin Azare?"

Innata yake nufi. Na ce ni ne.

"To ai kai ka ce a nemo mai kyau. Duk garin nan babu ƙasar da ta kai ta lungun nan, an cuɗa ta tun ba a haife mu ba, ba ta tsagewa. Mangala shida na kai gidanku. Wannan ta maƙwabcinku ce, ya ga naku ya yi sha'awa."

Na tambaye shi ko ya ga wani shatin hannu a jikin bangon. Ya ɗan yi tunani, ya ce ya ga wani abu kamar haka, ya ci gaba da aikinsa.

Ban taɓa jin ƙyamar mutanen garinmu kamar ranar ba, kuma ni ne a kan gaba. Shekara nawa ina cika wa yara kunne da ganuwa, ban taɓa zuwa na yaɓa mata ko dunƙule ɗaya ba.

A gida Inna ta tarbe mu da fura, ta ja ni ɗakin tana murna. Bangon ya yi ja, sumul, ko tsaga babu.

"Taɓa ka ji," ta ce. "Allah ya yi maka albarka. Ko mahaifina bai iya yaɓe haka ba."

Na ɗora hannuna a jikin bangon. Ban gaya mata daga ina aka ɗebo ƙasar ba, har yau.