Allurar Inna da Gaisuwar Suruki

Shekara da shekaru mahaifiyata tana yi wa kanta allurar insulin ta ciwon sukari, mai launin madara, wadda ake murza kwalbarta a tafin hannu kafin a zuƙa. A hankali take aiki, tana bin jiki har yamma. Da sukarinta ya riƙa hawa bayan cin abinci, sai likita a Gumel ya ƙara mata wata, garau kamar ruwa, ya kuma ja kunne: wannan ba ta jira. In an yi ta, a ci abinci nan take, in ba haka ba sukarin ya faɗi ƙasa sosai.

Na maimaita wa Inna wannan har na gaji da jin muryata. Ta ce ta ji.

Abin da na manta shi ne mijina. Inna ba ta taɓa kai loma baki a gabansa ba, shi kuwa duk ranar kasuwar Maigatari sai ya tsaya ya gaishe ta kafin ya wuce gida Gagarawa.

Wata ranar kasuwar ina gidanta. Ta yi sabuwar allurar, na ajiye mata tuwo, sai ga sallamarsa. Ta jawo faifai ta rufe kwano. Ya durƙusa. Aka tambayi gajiya, aka tambayi mutanen gida, aka shiga zancen damina. Ina kallon zufa tana tsattsafo mata a goshi.

"Inna, ki ci abincinki."

"Ke! Wace irin magana ce wannan a gaban mutane?"

"Mutum ɗaya ne, kuma ya san kina cin abinci."

Shi kuma maimakon ya tashi, sai ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, "A bar Inna ta huta mana."

Sai da maganarta ta fara sarƙewa na ja shi ta hannun riga zuwa zaure, na dawo na ba ta ruwan sukari. Tana dawowa hayyacinta ta tambaya ko an kai wa baƙo ruwa.

Na koma wurin likita na roƙi a bar ta da tsohuwar kaɗai. Ya ce ba za ta wadatar ba. Tun da ba a sauya allura ba, kuma Inna ba ta sauyuwa, sai na kafa wa mijina doka: kada ya shiga gidan sai ya bugo waya an ce ta gama ci ta wanke hannu.

Har yau tana yi mini ƙorafi. "Mijin nan naki ya fara girman kai. Gaisuwa ma sai ya yi sanarwa."

Ban taɓa kare shi ba.